Motar da Ba Ta Tashi Ranar Litinin: Nazarin Wata Matsalar Batir da Caji

Asalin lamarin

Motar da ake magana a kanta ƙarama ce mai shan fetur, mai silinda huɗu da giya mai canja kanta, kuma shekarunta 11 da ƙerawa lokacin da matsalar ta kunno kai. Mai ita ma'aikacin ofis ne da ke fita ƙarfe 7 na safe ya dawo ƙarfe 6 na yamma, tafiyar minti 25 zuwa da minti 25 dawowa, mafi yawanta cikin cunkoso inda injin ke yini a silo. Daga yammacin Juma'a har safiyar Litinin motar a ajiye take, wato awa 61 ke nan ba a taɓa ta ba. Batirin da ke cikinta irin na dalma da ruwan asid ne, an rubuta 60 Ah da 540 CCA a jikinsa, kuma ya yi shekara 3 da wata 2 yana aiki ba tare da ya taɓa ba da kunya ba.

Ya kamata a san ma'anar waɗannan lambobi tun daga farko, domin duk lissafin da zai biyo baya a kansu ya rataya. Batirin mota ɗakuna shida gare shi, kowane ɗaki yana ba da kimanin bolt 2.1 (bolt shi ne ma'aunin ƙarfin turin wuta), shi ya sa cikakken batirin da ya huta yake nuna bolt 12.6 ko kusa da haka. Idan ya nuna 12.4 ya rage saura kashi uku cikin huɗu, 12.2 rabi ne, 12.0 kuwa kashi ɗaya cikin huɗu kawai ya rage. Lambar 60 Ah girman ajiyarsa ce, wato zai iya ba da amfiya 3 (amfiya ita ce ma'aunin yawan wutar da ke gudana) har tsawon awa 20. Ita kuwa CCA tana nufin yawan amfiyar da batir zai iya bayarwa na daƙiƙa 30 a sanyin da ya kai digiri 18 ƙasa da sifiri ba tare da ya faɗi ƙasa da bolt 7.2 ba. Aikin batir na gaskiya ɗan kaɗan ne: ya juya kik ya tayar da inji. Da zarar injin ya tashi, altaneta ce ke ɗaukar nauyin fitilu da fanka da rediyo da duk sauran kayan wuta, ta kuma mayar wa batir abin da aka ɗiba. Altanetar wannan motar mai amfiya 90 ce, da regileta na gargajiya a cikinta wanda ke riƙe caji tsakanin bolt 13.8 da 14.4, ba irin ta sababbin motoci ba da kwamfuta ke ɗagawa da saukewa yadda ta ga dama.

Mako na 1 da na 2: alamun farko

Ranar Litinin ta makon farko kik ya juya da nauyi, kamar mai jan ƙafa, amma injin ya tashi a karo na biyu. Sauran kwanakin makon lafiya lau, har mai motar ya manta da zancen. Litinin ta gaba da ya murɗa makulli sai ya ji ƙara ƙas-ƙas-ƙas da sauri daga wajen kik, fitilun allon gaban direba suna dushewa suna dawowa tare da ƙarar, injin kuma ko motsi bai yi ba. Tun da giyar mai canja kanta ce babu zancen turi, sai aka kawo wata mota aka haɗa batir da batir. Ta tashi nan take, ya tafi aiki, kuma daga Talata zuwa Juma'a ba ta sake gardama ba. Fitilar nan mai hoton batir da ke kan allon direba tana kamawa idan an murɗa makulli, ta mutu idan injin ya tashi, kamar yadda ta saba.

Mako na 3: gareji na farko da sabon batir

Bakaniken farko bai ɗauko mitar auna wuta ba. Ya sa aka tayar da motar, ya kwance kan batir ɗaya yayin da injin ke aiki, ya ɗaga wayar sama, injin ya ci gaba da tafiya. Daga nan ya yanke hukunci cewa altaneta tana caji, ya duba kwanan watan da ke jikin batirin, ya ce shekara uku ai ya yi ƙoƙari. Aka sayo sabo mai girma ɗaya da tsohon, 60 Ah da 540 CCA, aka ɗaura, aka bar tsohon a wajen mai sayarwa ba tare da an gwada shi ko sau ɗaya ba. A wajen ɗaurin an goge kawunan batirin da wayoyinsu tas, amma ba wanda ya bi baƙar wayar da ta tashi daga kan mai alamar ragi ya ga inda ta ƙare.

Mako na 4 zuwa na 6: sabon batir ya bi sahun tsoho

Litinin ta farko bayan canjin motar ta tashi da ƙarfinta. Ta biyu ta tashi, sai dai mai ita ya ji ɗan nauyin nan da ya riga ya sani. Ta uku kuwa ƙarar ƙas-ƙas ta dawo. Ya ciro batirin ya mayar wa mai sayarwa a kan cewa an ba shi marar kyau. Mai sayarwa ya ɗora shi a kan caja ya kwana, da safe ya gwada ya nuna masa bolt 12.7, ya ce batir ba shi da laifi, a je a duba motar. Mai motar bai gamsu ba, domin a ganinsa wanda ya sayar da kaya ba zai taɓa kushe kayansa ba, amma ba shi da hujjar musu, sai ya ɗauki abinsa ya tafi.

Mako na 7 da na 8: gareji na biyu

Na biyu mai wayarin ne, kuma shi ya yi amfani da mita. Ya ɗora ta a kan batir injin yana silo, komai a kashe, ta nuna bolt 13.9. Wannan lamba tana cikin iyakar da ake so, don haka ya wanke altaneta daga zargi kamar yadda na farko ya yi, ya ɗan ƙara ɗaure fambel don kada a ce bai taɓa wajen ba. Da ya ji yadda kik ke juyawa da nauyi sai hankalinsa ya koma can, ya ce kik ɗin ne ke shanye wutar batir. Aka sauke shi, aka wanke, aka canja masa burushi, wato guntayen gawayin da ke kai wuta ga ɓangaren da ke juyawa, aka mayar. Da yake an taɓa sa wa motar wata rediyo da ba tata ta asali ba, ita ma ya cire wayarta, ya ce irinsu sukan sha wuta ko an kashe su, maganar da takan zama gaskiya a wasu motocin.

Litinin ta zagayo, motar ta ƙi tashi.

A nan ne mai motar ya ƙirƙiro dabararsa. Duk yammacin Juma'a sai ya buɗe bonet ya kwance kan batir mai alamar ragi, ya mayar da shi safiyar Litinin. Mako biyu a jere motar ta tashi ba tare da taimakon kowa ba. Dabarar tana da wahalarta, domin agogon motar yakan koma sifiri, silon injin yakan yi rawa na ɗan lokaci kafin kwamfutar ta sake daidaita kanta, ga shi kuma yawan kwancewa da ɗaurewa ya fara sa bakin wayar ya saki. Amma ya ɗauka ya samu mafita, bai kuma kai labarin wannan dabara ga ko ɗaya daga cikin masu gyaran biyu ba.

Mako na 9 da na 10: alamun da suka ƙaru

Wata rana a mako na 9 ya makara a ofis, ya dawo da dare ana ruwa, fitilun gaba a kunne, waifa tana aiki, fankar esi a sama. Duk lokacin da ya tsaya a cunkoso sai hasken fitilun ya ragu ya koma ja-ja, waifar ta rage gudu, in ya taka totur su farfaɗo. Ya kuma lura da wani siririn kuka daga gefen injin, wanda ke hawa da sauka tare da totur. Fitilar batir dai ba ta kama ba. A ƙarshen mako na 10 ya manta bai kwance wayar ba, aka kuma yi rashin sa'a bai fita ranar Litinin ba. Safiyar Talata, bayan awa 85 a ajiye, ko makullin nesa bai iya buɗe ƙofa ba.

Mako na 11: bincike daki-daki

Mai gyara na uku dattijo ne wanda ya daɗe a aikin wutar mota, kuma kafin ya taɓa komai sai da ya zaunar da mai motar ya yi masa tambayoyi: wace rana take ƙin tashi, awa nawa take yi a ajiye, me da me aka canja, kuma me ya taɓa yin amfani ko da na ɗan lokaci ne. Da ya ji labarin kwance waya ranar Juma'a sai ya ce: "Yallaɓai, ai ka riga ka yi rabin binciken da kanka. Batirin da ya riƙe wuta kwana uku a kwance, ya kasa riƙewa a ɗaure, ɓarawonsa yana cikin motar." Duk da haka ya ƙi fara neman ɓarawon a ranar, ya ce ba a gwada caji da mataccen batir, domin duk lambar da za a samu ƙarya za ta yi.

A rana ta farko batirin ya nuna bolt 11.8 bayan ya huta, duk da tafiyar da aka yi zuwa garejin. Aka sauke shi, aka fara kwance kan ragi kafin na ƙari kamar yadda ƙa'ida ta tanada, domin idan sifana ta taɓa jikin mota yayin da ake kwance na ƙari alhali na ragi yana ɗaure, tartsatsi zai tashi kusa da batirin da ke fitar da iskar haidurojin mai kamawa da wuta. Aka ɗora shi a caja mai amfiya 6 ya kwana.

A rana ta biyu, bayan an bar shi ya huta wutar saman da caja ke bari ta sauka, ya tsaya a bolt 12.5. Sai gwajin nauyi, wanda ƙa'idarsa ita ce a ja rabin lambar CCA na daƙiƙa 15, kuma kada batir ya faɗi ƙasa da bolt 9.6 a matsakaicin zafi na kimanin digiri 21. Aka ja amfiya 270, ya sauka zuwa 9.8. Ya ci jarrabawa, amma da ƙyar, abin da bai kamata a gani ba a batirin da bai cika wata biyu ba.

Aka sake cika shi aka mayar cikin motar don gwajin caji. A silo, komai a kashe, mita ta nuna 13.9, daidai da abin da mai wayarin na biyu ya gani. Sai dattijon ya sa yaronsa ya riƙe injin a juyi 2,000 a minti, ya kunna fitilun gaba masu nisa da fankar esi a sama da abin ɗumama gilashin baya. Mita ta gangaro zuwa 12.9. Bai tsaya nan ba, ya ɗauke wayoyin mitar daga kan batir ya kai su jikin altanetar kanta, ja a kan notin fitar wuta mai alamar B+, baƙa a kan kwankwason ƙarfenta, ya samu 13.5. Abu biyu ke nan suka bayyana lokaci guda: altanetar ba ta kai inda ya kamata ba idan an ɗora mata kaya, sannan daga cikin ɗan abin da take bayarwa, bolt 0.6 na ɓacewa a hanya kafin ya isa batir.

Don gano inda yake ɓacewa, ya auna faɗuwar wuta a kowane ɓangare yayin da kayan suke kunne. Daga notin B+ zuwa kan batir mai alamar ƙari ya samu bolt 0.15, wanda ba laifi. Daga kwankwason altaneta zuwa kan mai alamar ragi kuwa ya samu 0.45, alhali a wannan ɓangaren ba a son ya wuce 0.2. Ya bi baƙar wayar da hannu har inda aka ɗaure ta da noti a jikin injin, can ƙasa bayan wani tiyo inda ido ba ya kaiwa sai an sunkuya da tocila. Daga waje wayar lafiyayya ce. Da ya tsaga robar da ke bakinta da wuƙa, sai ga kore-koren gari yana zubowa, siraran wayoyin tagullar sun yi baƙi, wasunsu sun karye suna tsaye kamar gashin burushi, ƙarƙashin notin kuma tsatsa ta yi ɓawo.

Gwaji na gaba shi ne wanda ba a cika yi ba. Altaneta a cikinta wuta mai kai-komo take samarwa daga naɗin waya guda uku, sai dayod guda shida su miƙar da ita ta zama mai tafiya hanya ɗaya, irin wadda batir ke karɓa. Dayod kamar ƙofa ce mai buɗewa gefe ɗaya, tana barin wuta ta fita ba ta barin ta dawo. Idan duk shidan suna lafiya, ragowar kai-komon da ke tsallakewa ɗan kaɗan ne ƙwarai, in kuwa ya kai rabin bolt to akwai wadda ta lalace. Ya juya mitar zuwa ma'aunin wuta mai kai-komo, ya ɗora a kan notin B+, ta nuna bolt 0.7.

Sai aka kashe injin aka koma neman ɓarawon dare. Ya kwance kan ragi, ya sa mita tsakanin kan batirin da wayar, a ramin amfiya 10, ya gargaɗi kowa kada a kuskura a murɗa makulli domin fis ɗin mitar ba zai ɗauki wutar kik ba. Ya danne maɓallin ƙofa don motar ta ɗauka a rufe take, aka jira minti 40 domin kwamfutocinta su yi barci. Motar da ke lafiya bayan ta yi barci ba ta cika wuce miliamfiya 50, wato amfiya 0.05, ba, abin da agogo da ƙwaƙwalwar kwamfuta da na'urar makullin nesa ke sha. Wannan ta tsaya a amfiya 0.51, ninki goma. Yaron ya shiga zare fis ɗaya bayan ɗaya, na cikin mota da na ƙarƙashin bonet, dattijon yana kallon mita. Aka bi su kaf ana zarewa ana mayarwa, lambar ba ta sauka da fiye da 0.03 ba. A nan ne mutane da yawa sukan ruɗe, amma akwai manyan wayoyi biyu da ba sa bi ta ƙananan fis, wato wadda ta tafi kik da wadda ta tafi altaneta. Ya cire mitar, ya kwance wayar B+ ya naɗe bakinta da salatif, ya mayar da mitar. Ta nuna 0.03. Amfiya 0.48 ke nan ke komawa da baya ta cikin altaneta dare da rana, muddin batir yana ɗaure.

A rana ta uku aka sauke altanetar aka buɗe. Burushinta sun ci rabi amma da sauransu, regileta lafiya, naɗin wayoyin ba su ƙone ba. A farantin dayod, huɗu sun nuna abin da ake so, kimanin rabin bolt ta gefe ɗaya, ta ɗaya gefen kuma a rufe ruf. Ɗaya ta ɓangaren ƙari ta zama kamar guntun waya, tana wucewa gaba da baya ba shamaki, ɗaya kuma ta ɓangaren ragi tana yoyo ta baya, da alamar ƙuna a gindinta. Ta waɗannan biyun wuta ke samun hanya daga batir, ta ratsa naɗin waya, ta sauka a jikin inji. Da dattijon ya tambaya ko an taɓa haɗa batirin a juye, mai motar ya yi shiru na ɗan lokaci, sannan ya tuna cewa kimanin kwana goma kafin Litinin ta farko ya taimaki wani da motarsa ta mutu, da duhu, kuma wajen haɗa wayoyin an yi kuskure ja ta hau kan baƙa. Tartsatsi ya tashi, aka fizge wayar nan take, aka gyara haɗin, motocin biyu suka tashi, kowa ya kama gabansa.

Gyaran da aka yi da abin da ya biyo baya

Aka canja farantin dayod gaba ɗayansa, aka sa sababbin burushi tun da an riga an buɗe, aka sa sabuwar baƙar waya mai kauri ɗaya da ta asali bayan an kankare mazauninta a jikin injin har ƙarfe ya fito fes, aka kuma canja bakin wayar da ya saki. Rediyon da aka zarga aka mayar da ita. Sai aka maimaita duk gwaje-gwajen a jere kamar yadda aka yi su da farko: bolt 14.2 a silo, 14.0 da kaya a juyi 2,000, faɗuwar ɓangaren ragi 0.08, kai-komo 0.05, abin da motar ke sha tana barci kuma amfiya 0.03. Siririn kukan nan ya ɓace.

Aka bar motar a garejin daga Juma'a zuwa Litinin da batirinta a ɗaure. Safiyar Asabar ya nuna 12.6, safiyar Litinin 12.5, ta tashi a murɗawa ɗaya. Bayan wata uku ba ta sake ƙin tashi ba, amma da aka maimaita gwajin nauyi batirin ya tsaya a 9.7, bai farfaɗo ba.

Nazarin dalilai

Lissafi kaɗan ya isa ya nuna dalilin da ya sa ranar Litinin ce kullum. Amfiya 0.48 sau awa 61 ya ba da kusan 29 Ah, rabin ajiyar batirin a ƙarshen mako ɗaya. A ranakun aiki ma motar tana tsaye kimanin awa 23 cikin 24, tana zubar da 11 Ah a kullum, kuma minti 50 na tafiya a cunkoso da raunanniyar altaneta da ƙyar suke mayar da wannan, balle su biya bashin ƙarshen mako. Don haka kowace Juma'a batirin yakan shiga hutu da ƙasa da abin da ya shiga da shi a ta baya, shi ya sa sabon ya jure Litinin biyu ya faɗi a ta uku. Wannan lissafin kuma shi ne ya rushe zargin kik tun daga tushe. Kik na ƙaramin inji irin wannan yakan ja wajen amfiya 150, amma na daƙiƙa uku ne kawai, wanda bai kai kashi ɗaya cikin biyar na 1 Ah ba. Ko ya lalace, ba ya shan komai motar tana ajiye sai in shi ma yana yoyo, kuma ba a auna hakan ba kafin a sauke shi.

Gwajin gareji na farko shi ne mafi muni, a ganina, domin bai amsa tambayar da aka yi ba kuma yana iya jawo sabuwar ɓarna. Injin da ke silo amfiya kaɗan yake buƙata, altanetar da ta rasa kashi ɗaya cikin uku na ƙarfinta ma za ta iya riƙe shi. Ga shi kuma batir ne ke shanye hauhawar wutar da altaneta ke yi, idan aka cire shi injin yana aiki wutar takan yi tsalle ta wuce abin da kwamfuta da regileta za su ɗauka. Al'adar ta samo asali ne tun zamanin motoci masu janareta da ba su da kayan lantarki masu laushi, kafin altaneta ta mamaye motoci a shekarun 1960, amma ta ƙi mutuwa. Shekarun batirin sun sa zarginsa ya yi kama da gaskiya, sai dai an yanke masa hukunci ba a saurare shi ba, gwajin nauyi na daƙiƙa 15 da ya wadatar.

Mai wayarin na biyu ya fi kusa, kuma lambarsa ta 13.9 gaskiya ce, kuskurensa shi ne tsayawa a kanta. Bolt ba tare da kaya ba yana nuna cewa regileta yana aiki ne kawai, ba ya faɗin yawan amfiyar da altaneta za ta iya turawa. Da ya kunna fitilu da fanka ya sake dubawa, da minti ɗaya ya ishe shi ganin 12.9. Ita ma fitilar batir ta allon direba ta taimaka wajen ɓatar da sawu, domin a motoci da yawa takan kama ne idan caji ya tsaya cak ko ya faɗi ƙwarai, altanetar da ke aiki rabi da rabi tana iya barin ta a kashe. Nauyin kik da ya ji kuwa ba ƙarya ba ne, amma ba daga kik yake ba. Faɗuwar bolt 0.45 a kan kimanin amfiya 45 tana nufin cikas na om 0.01 (om shi ne ma'aunin cikas ga wuta) a baƙar wayar, adadin da mitar hannu ba ta iya gani idan aka auna wayar a kwance. Wannan cikas ɗin, idan amfiya 150 ta kik ta bi ta kansa, bolt 1.5 yake cinyewa. Batirin da ya riga ya yi rauni, aka kuma tsakure masa bolt ɗaya da rabi a hanya, dole kik ya ja ƙafa ko da sabo ne fil.

Matsalolin biyu ba su da alaƙa ta asali. Tsatsar waya ta daɗe tana ci a hankali, motar tana jurewa domin altaneta da batir suna da rarar ƙarfin rufe ta. Lalacewar dayod ce ta cinye rarar, kuma haɗin da aka yi a juye shi ne mafi kusa da zama sanadinta, domin idan aka juya ƙari da ragi, dayod ɗin duka sukan buɗe lokaci guda, wuta mai ɗimbin yawa ta ratsa su ba abin da zai tare ta. Sau da yawa babban fis yakan ƙone ya cece su, amma taɓawa ta ƙiftawar ido tana iya gasa dayod ta bar fis ɗin da ransa. Da an gyara altaneta kaɗai an bar wayar, da mutuwar ranar Litinin ta tsaya amma batirin ya ci gaba da zama bai cika ba. Da an gyara wayar kaɗai, da kik ya ƙara kuzari, yoyon kuma ya ci gaba.

Sabon batirin shi ya biya kuɗin jinkirin. Batirin tayar da mota an yi shi da siraran allunan dalma masu yawa domin ya ba da wuta mai ƙarfi na ɗan lokaci a cika shi nan take, ba don a riƙa kwashe shi har ƙasa ba. Duk lokacin da ya sauka, wani farin gishiri na dalma da salfa yakan taru a kan allunan, wanda caji ke narkarwa idan an yi shi da wuri. In aka bar batirin a ƙasa kwana da kwanaki, gishirin yakan daskare ya zama ƙwayoyi masu tauri da caji ba ya iya mayarwa, kuma duk wurin da suka rufe ya fita daga aiki ke nan. Wannan batirin ya mutu murus sau uku cikin mako takwas, a tsakani kuma bai taɓa cika a cikin motar ba. Dattijon ya rubuta 9.8 da 9.7 da alli a gefensa tare da kwanakin gwajin, ya ce a dawo da shi bayan wata uku, in ya taɓa 9.6 a canja shi kafin ya zaɓi ranar da kansa.